Sharar Garba a Kan Duwatsun Abha

Riyad

Kafin kiran assalatu na fito da mota daga unguwar Suwaidi, na biya unguwar Nasim na ɗauki Muhandis Usman, injiniya Basudane da kafilinmu, wato ubangidanmu, ya nemo ya duba masa itatuwa. Kafilin yana da fili a duwatsun Abha, cike da matasan itacen ar'ar mai ganye kamar allura. An sare wasu an rage su shekarun baya saboda cunkoso, amma maimakon su murje, sai rawaya suke yi. Garba ɗan garinmu ne ke kula da su, ni na samo masa aikin. Kafili ya rantse in laifinsa ne, ba zai sabunta masa igama, takardar zaman ƙasa, ba.

Wadi Dawasir

Bayan shingen 'yan sanda muka tsaya cin kabsa, na kasa haƙuri.

"Muhandis, itace lafiyayye a sare shi? Mu da tanka muke shayar da guda ɗaya a Riyad."

"Ba kwa cirar gero a ƙasarku?" in ji shi. "Haka ne. Wanda aka bari ya samu rana da ruwa. Ba saran ne ke kashe su ba."

Abha

Mun iso bayan magariba, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. A ɗakin Garba muka kwana, ya tuƙa mana tuwon semo, shi ko loma bai kai ba.

Da safe muka hau filin. Tas yake kamar harabar masallaci, har na ji kaina ya kumbura. Muhandis kuwa tsayawa ya yi cak.

"Ina rassan da aka sare? Ina ganyen da ke zuba?"

"Na share na ƙone, ranka ya daɗe," Garba ya ce da fara'a. "Kullum, yadda muke sharar gona."

Muhandis ya tona ƙasar da yatsa, fara fat. "Ganyen nan shi ne abincinsu. Ya ruɓe, ya koma ƙasa, saiwa ta sha. Kai ka kwashe."

Gabana ya faɗi, don da ni ne, abin da zan yi ke nan.

Sai ya hango wani kwazazzabo, itatuwan cikinsa kore shar. Muka gangara. Rassa ne jibge suna ruɓewa, ƙasar baƙa wuluk, da danshinta.

"Nan kam a yi haƙuri," in ji Garba, kansa a ƙasa. "Tsintsiya ba ta iya isowa."

Komawa

Muhandis ya roƙi kafili a waya, ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci mai himma haka ba. Kafili ya ce khalas, magana ta ƙare, ba zai sabunta ba, ya kashe wayar.

Mu uku muka dawo, jakar Garba a bayan mota. Mun iso Riyad lafiya, alhamdulillahi, Allah ya saka wa Muhandis da alheri. Sai a ƙofar gida Garba ya yi magana.

"Yaya, da na yi lalaci, da yanzu ina can ko?"