Ƙwaryar Gwaggo Dije

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Dije mai fura, yayar babanmu. Duk wanda ya ci kasuwar Danja kafin mulkin kai ya sha furarta, ko da yanzu zai yi musu. Fura ce da in ka kai ludayi biyu baki sai ka manta hanyar gidanku. Direbobin motocin auduga masu zuwa Funtua tun daga nesa suke taka birki saboda ita.

Ina 'yar shekara goma wani farin tabo ya fito mata a bayan hannu, kamar an ɗiga nono. Kafin lokacin kaka ya mamaye yatsu, ya hau wuya. Albaras ne, amma a ƙauyenmu duk abin da ya yi fari a fata sunansa kuturta. Ni kuwa Allah ya hore mini baki. Ni na raɗa mata suna Gwaggo Auduga. Ni na bi gida-gida ina rantsuwa na ga ɗan yatsanta ya faɗa turmi an kirɓe shi da gero. Yatsunta goma cif, amma an yi dariya har wata tsohuwa ta ƙware, abin da nake nema ke nan.

Kasuwa biyu ba wanda ya tsaya a rumfarta. Ta kira ni ta ce, "Ke ja'ira, zo ki ƙunsa mini lalle ko ya rufe." Na ƙunsa, na zura mata hannu a zunguru. Ba wanda ya gaya mana lalle ya fi kama farar fata. Da aka kwance, tabon ya yi jawur kamar an feɗe ta. Haka ta fita kasuwa, mata na janye 'ya'yansu. Furar ranar kajinmu suka sha, har suka kasa tafiya.

A gida Baba ya ce a ware mata ƙwaryar cin tuwo. Aka ƙona bakin ƙwaryar da wuƙa mai zafi don kada wani ya ɗauka bisa kuskure.

Da ƙafa ta je wani asibitin mishan wajen Malumfashi. Likitan, wani Bature, ya tsikare tabon da allura, ta yi ƙara, ya ce tabon kuturta ba ya jin wannan, kuma nata ba a ɗauka. Ya ce su ma ba su gama sani ba, amma suna zaton a cikin jini akwai wasu ƙananan masu gadi, aikinsu kashe baƙon ciwo. Nata ne suka rikice, suka juya kan 'yan gida, masu yi wa fata rini, suna kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Ta dawo da murna ta ba da labari a tsakar gida. Baba ya ce, "Yaya, ai Baturen ba a ƙwaryarki zai ci ba."

Ta dube shi, ta dube ni. "Masu gadi, na gida," in ji ta. "Na san irinsu."

Na yi mata gwalo. Zazzaɓi ya kashe ta bayan shekara biyu, ita kaɗai ke cin tuwonta har ranar. Aka kife ƙwaryar a kan rumbu.

Da za ta leƙo yau, za ta ga wata a rumfarta tana sayar da fura mai kama da ruwan wanki, waɗanda suka guje ta kuma suna ta cewa fura ta mutu da Dije. Za ta gan ni a makarantar kwana, malama na zana fararen ƙwayoyin jini a allo, na fi kowa ganewa. Za ta kuma ga wuyan hannuna na hagu, inda wani ɗan fari ya fito da damina. Lalle dai na san sharrinsa, don haka tawadar makaranta nake shafawa kowace safiya.

Wannan hutun ina wanke-wanke, ruwa ya ɗauke tawadar a gaban Inna. Na jero mata bayanin likita kaf, da masu gadi, da masu rini, da cewa ba a ɗauka. Ta saurara har na gama, ta ce, "To."

Me ya rage na Gwaggo? Furar ta tafi. Maganar likitan ni kaɗai na riƙe. Sunan da na raɗa mata kuwa yana nan da ransa, yaran unguwa na neman wanda za su liƙa wa. Ƙwaryar ma ba ta tsage ba. Jiya Inna ta sauko da ita daga kan rumbu, ta wanke tas, ta zuba mini tuwo.