Kujerar Darlene da Bas Mai Lamba Tara

Har zuwa Disambar da ta wuce, duk Talatar farkon wata, ƙarfe shida da kwata na safe, za ka tarar da Darlene Wojcik a tashar bas ta gaban cocin garinmu, rungume da jaka da kofin kofi. Motarta lafiya lau take, amma shekara goma sha tara ba ta taɓa zuwa taron hukumar sufurin yanki a cikinta ba. Ita ce wakiliyar gundumarmu ta Harlow, kujera ɗaya tal cikin goma sha ɗaya, bakwai na mutanen birni ne.

In bas ta makara, ita ma ta makara, kuma sai ta sa magatakarda ya rubuta dalilin a takardar taro. Shugaban hukumar ya taɓa zolayarta, wai ko a aiko mata da tasi. Ta ce, "Yallaɓai, ni minti arba'in na taro na rasa. Wanda muka zauna tare a bas, wankin ƙodarsa ya rasa."

Mijina ne, Vernon. Sau uku a mako bas mai lamba tara ke kai shi asibitin birni, ni kuwa likitan ido ya hana ni tuƙi. Sau huɗu ana kawo shawarar soke layin, wai fasinja sun yi kaɗan. Otis direba shaida ne, ranar da ake zuba ƙanƙara Darlene ta taso wakilai uku a gaba har cikin motarsa, suka rasa wurin zama. Ba su ƙara tayar da maganar soke layin ba.

Darlene, ke ce bakinmu a ɗakin da ba a san sunan garinmu ba. Ciwon gwiwa ya ce ya isa, kin sauka daga kujerar a Disamba. Mun gode, mun gode.

Sai dai akwai matsala. Dokar hukumar ta ce kujerar da ta zauna ba kowa taro uku a jere, ta koma hannun birni. Biyu sun wuce. Aiki ne ba albashi, kowa na jiran wani.

Jiya na kai wa Darlene kuka, sai ta miƙo mini takardar neman kujerar. Na ce ni da ko tuƙi ba na yi?

"Wa ya ce ki yi tuƙi, Marlys? Bas za ki hau."

Na cike ta. Saura sa hannun mutum ashirin da biyar kafin Juma'a. Jama'ar Harlow, takardar na wurin Otis. Ku hau bas ku sa hannu.