Da Duna Da Barkono A Kwale-kwalen Kawu

Ranar wata Asabar cikin watan Agusta, damunar da nake aji huɗu, muka wayi gari ruwa ya shanye fadamar ƙauyenmu da ke can gefen Jahun. Gonakin shinkafa sun koma kogi guda, sai kawunan itatuwa kawai ake hange. Ni ba shinkafa ta dame ni ba. Akuyata Kyalla, wadda Kaka ta ba ni, ta tafi kiwo tudun gaba da tsohon ciki, ruwa ya tare mata hanyar dawowa.

Wan Innarmu, Kawu Sale, masunci ne, yana da wani siririn kwale-kwale da karnuka biyu, Duna da tsohon Barkono. Gidanmu gidan malamai ne, kare ba ya ƙetare zaurenmu, don haka daga nesa na saba kallonsu, ina mamakin abin da ke sa su zauna a goshin jirgi kamar masu unguwa. Da Kawu ya ce zai je neman dabbobin da suka maƙale, na riƙe masa riga ina kuka, har Inna ta gaji ta ce, "Tafi da ita, Yaya, amma ta tattare zanenta."

Muka bi wata ƙaramar hanyar ruwa da manoman rani suka haƙa, doguwar ciyawar kachala ta yi mata bango dama da hagu. Kawu na tsaye a baya yana tura jirgin da doguwar gora, ni kuma ya miƙa mini ƙwarya in riƙa kwashe ruwan da ke tsattsafowa. Bado ya baje furanni, balbelu na tashi a gabanmu. Tambaya kuwa ban bar ko ɗaya ba. Me ya sa kifi ba ya nitsewa? Ina kwaɗi ke zuwa da rani? Duk inda hanya ta rabu biyu, sai Kawu ya tsayar da gora ya dubi karnukan, inda suka karkata hanci nan zai nufa. Na ce, "Kawu, wai su ke tuƙin ko kai?" Ya yi dariya ya ce, "Ruwa ya shafe sawu, 'yar Malam, amma bai shafe wari ba."

Wajen azahar Duna ya fara haushi, ya faɗa ruwa ya kutsa cikin kachala. Muka bi shi, sai ga Kyalla a kan wani suri da bai fi faɗin tabarma ba, ta haifi tagwaye, ruwa na lasar ƙafafunsu. Da muka loda su, jirgi ya cika. Kawu ya yi fito, karnuka suka bar mana wuri, suka biyo mu da iyo.

Ba mu yi nisa ba na lura Barkono ya fara ja baya. Kansa ya nutse ya ɓullo, ya sake nutsewa. Kawu ya juya jirgin, amma ya ce in ya saki gora ruwa zai kwashe mu. Ban san lokacin da na miƙa hannu na damƙi fatar wuyansa ba. Na ja da iya ƙarfina, ya faɗo kan cinyata jagab, yana rawar sanyi, ya lashe mini hannu. Ban taɓa sanin kare na da ɗumi haka ba.

A gida na faɗa wa Baba komai ina jiran faɗa. Sai ya ɗauko buta ya nuna mini yadda zan wanke hannun sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Da na gama ya ce, "To, shi karen ya rayu?" Na ce ya rayu. Ya ce, "Madalla."

Yanzu a Dutse nake aiki. Kawu ya rasu, kachala ta toshe waccan hanyar, an ce ko ƙaramin jirgi ba ya wucewa. 'Ya'yana ba su taɓa shiga kwale-kwale ba, kare kuwa sai wanda ke musu haushi daga bayan get ɗin masu hali. Da damuna, in keke-napep ya ratsa da mu cikin ruwan da ya kwanta a titi, sukan ɗaga ƙafa suna ƙyama. Ni kuwa leƙawa nake yi.