Manniru da Lissafin La'asar

Manniru mutumin Zariya ne, yana zaune a Tungan Maje da iyalinsa. Shekara goma sha takwas ya yi yana kai mutane filin jirgin Abuja a tsohuwar tasinsa, bai taɓa hawa jirgi ba. Amma ka ambaci gari, sai ya ba ka nisansa da mintocinsa kamar mai karanto hadda. Ni ma shi ke kai ni, kullum da barkwanci a bakinsa.

Ranar wata Laraba, ƙarfe tara na safe, ƙanina Abdulƙadir ya kira ni daga Kano. Ya ce zazzaɓin 'yata Mashkura, da ke karatu a wurinsa, ya tsananta, in zo. Ya ƙara da cewa ya riga ya turo mini Manniru. Ban taɓa sanin yana da lambarsa ba.

Tara da kwata yana ƙofar gidana a Gwarinpa. Na ce masa filin jirgi, akwai jirgin Kano na ƙarfe ɗaya da rabi.

"Yallaɓai, Kano kilomita ɗari uku da sittin da 'yan kai ce ta sama, minti hamsin," in ji shi. "Amma a takarda ke nan. Wannan na ɗaya da rabin, duk makon nan bai ɗaga kafin huɗu ba. A mota awa shida da rabi ne. In mun tashi yanzu, kafin La'asar muna can."

Na yarda, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mutumin da ba ya minti biyar bai tsokane ni ba, har muka wuce Zuba bai ce uffan ba. Rediyo a kashe. Wayarsa a kife a kan cinya. Ta yi ƙara sau uku, bai ɗauka ba. Na kira Abdulƙadir, ya ce tana barci, ya katse.

Na yi ta juya maganar Manniru. Wanda za shi dubiya ba a yanka masa lokaci. In ya isa biyar, ya isa; in shida, ya isa.

Dab da Kaduna na ce, "Malam Manniru, wa ya ce maka La'asar?"

Bai waiwayo ba. Ya gyara riƙon sitiyari.

"Yallaɓai, amana aka ba ni. An ce in kawo ka, ba a ce in yi magana ba."

"To, taka motar," na ce.

Huɗu saura minti goma muka shiga layin gidan Abdulƙadir. An shimfiɗa tabarmi har bakin titi, an fito da makara. Liman ya jira na yi alwala. Manniru ya tsaya a gefena, kafaɗarsa a jikin tawa, muka yi mata salla.