Farar Motar Meshak

Meshak direba ne tun yana saurayi. Da jigilar citta ya fara, daga ƙauyuka zuwa kasuwar Kafanchan, a zamanin da babbar damuwarsa ba ta wuce fashewar taya ba. Kai, mutumin nan akwai baki! Ko mai zaman makoki ya ɗauko, kafin ya sauke shi sai ya sa shi dariya. Da hare-hare suka yi yawa a yankin, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki, ta damƙa masa farar bas ɗinta.

Aikin dai an ce kai shinkafa ne da tabarmi da magani. To amma wa zai shiga ƙauyen da aka ƙona ya fito da mota ba kowa? Sai a loda masa masu rauni, wani lokaci har da waɗanda suka riga suka fi ƙarfin likita. Meshak bai taɓa cewa a'a ba. Bakin ne kawai ya mutu. Ya daina cin nama, barci ya ƙaurace masa, kullum yana dirzar bayan motar da omo har fatar hannunsa ta saɓule, yana rantsuwa cewa har yanzu tana wari.

Hellen, wadda aikinta shi ne zama da ma'aikata ta ji damuwarsu, ta kira shi gefe. "Baban Serah, jikinka yana gaya maka, kai ne ka ƙi ji. Je ka gida wurin Mama ka huta. Ɗauki motar ma, kar ka sha wahalar hanya."

Don alheri ta yi, baiwar Allah. Shi ma ya ji daɗi, don abin da yake marmari ke nan: ya zauna a tsakar gidan uwarsa, a kira shi da sunan yarinta, a yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Ya sayi burodi da man ja, ya kama hanyar ƙauyensu, can bayan Madakiya.

Tun daga bakin rijiya ya ga abin da bai gane ba. Mata suka ajiye bokitai, suka tsaya cak. Wani tsoho da ya ɗaga wa hannu ya cire hula maimakon ya amsa. Kafin ya kashe mota a ƙofar gida, kuka ya riga ya tashi a maƙwabta, har wasu sun fara fito da bencin zaman makoki, don a yankin nan an san farar motar da kawo gawa.

Uwarsa, Mama Afiniki, ta fito tana dafa bango. Ba ta ko dubi fuskarsa ba, bayan motar take kallo.

"Yesu! Kumai ne?" Ƙanensa Kumai take nufi, mai gona a bakin daji.

"Mama, ba kowa. Gaishe ki na zo yi."

"Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta leƙa har ƙarƙashin kujeru, sannan ta zube a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Meshak, don Allah, in za ka zo ka riƙa aikowa tukuna. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

An kawo masa tuwo, an zauna nesa da shi ana satar kallon motar. Ba wanda ya tambaye shi me ya ramar da shi haka. Yana cikin wanke hannu wayarsa ta yi ƙara. Daga ofis ne: an sake kai hari, ana neman mota.

Meshak ya miƙe da sauri, ya ji wani sanyi ya sauka a ransa, irin wanda ya zo nema gida bai samu ba. Sanyin nan ya ba shi tsoro fiye da duk abin da ya taɓa ɗauka a motar.