Gilashin Akori-kurar Baba Altine

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Marke a shekarun nan ya san in kana sauri ba ka shiga motar Baba Altine. Tafiyar da mai keke zai yi kafin shayi ya huce, shi sai ya ci rabin safiya a kanta, don ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Kuma ba ɗaga hannu ba. Sai ya taka birki, ya murɗa gilashi ƙiiƙii har ƙasa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi akuyar da aka ce masa ba ta da lafiya, sannan ya murɗa shi sama ya ja. Taku ashirin a gaba, ya sake tsayawa. Na taɓa ce masa, a wannan zafin me zai hana ya bar gilashin a ƙasa kowa ya huta? Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Wai sauke gilashin shi ne girmamawar, kamar cire takalmi a ƙofar babba. In ya bar shi a sauke, me zai sauke wa mutane?

Ni ne Bulus, mai gyaran wayar mota a bayan tasha. Daga ƙasar Filato na zo Sakkwato ina saurayi, kuma tsohuwar akori-kurar Baba Altine ce motar farko da aka yarda na taɓa a garin nan. In yana son aiki sai ya kira ni Injiniya. In aikin ya ƙare na koma Bulus.

Kun san Alhaji Barmo. Abin da wasunku ba su sani ba, shi da Baba Altine tare suka taso suna kora jakuna, suna kawo shinkafa da albasa daga Kwalkwalawa, kwano ɗaya suke ci. Da kuɗin fetur ya zo ya haukata ƙasar nan, Barmo ya sami wani soja da ya tsaya masa, aka yi ta ba shi kwangilar azuzuwa. Kan a ce me, ga shi a bayan doguwar mota mai sanyi, da direba. Baba Altine bai yi masa hassada ba, wannan zan iya rantsewa. Har alfahari yake yi da shi.

Sai ranar da suka haɗu a bakin kasuwa, gaban jama'a. Baba Altine ya murɗa gilashinsa har ƙasa, baki har kunne. Gilashin Alhaji ya sauka da kansa, faɗin yatsu biyu, aka ce "Altine, lahiya?" Baba Altine yana cikin tambayar jikin tsohuwar Barmo, wadda shi ma ta goya shi, gilashin ya koma sama zuu, mota ta wuce. Ya rage da sauran gaisuwar a baki, masu albasa suna dariya.

Washegari ga shi a rumfata, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Injiniya, irin gilashin nan mai tahiya da kainai nika so ka sa min."

Na ce masa wannan abin manyan motoci ne, tasa kuwa ko fitilar hagu sai an mare ta take kamawa.

"Ka sa min," in ji shi. "Ranad da munka haɗu, sai ya buɗe baki in ruhe mai. Shi ke nan abin da nika so duniya."

Na yi ta ja, ya yi ta zuwa, har na gaji. Muka samo ɗan injin gilashi da maɓallinsa a jikin wata babbar mota da ta yi haɗari. Ƙofa ɗaya kawai ya yarda a yi, ta direba, wai fasinja ba shi da wanda zai wulaƙanta. Injin ya fi cikin ƙofar kauri, dole na yanke ƙarfe, na cire har sandar da ke buɗe ƙofar ta ciki. Daga ranar, in zai fita sai ya sauke gilashi ya miƙa hannu ya buɗe ta waje. Na roƙe shi a bar mamurɗin gilashin a ajiye ko don wata rana. Ya ɗauke shi ya kai wa maƙeri. Na ce to a sayi sabon batir, don tsohon ko tayar da mota ba ya yi sai an tura. Ya ce batirin da ya kai shi Kwalkwalawa shekara da shekaru ba zai ci amanarsa yanzu ba.

Kai, ku zo ku ga Baba Altine a makon farko! Ko kaza ce ta gitta sai ya danna. Amma da ya lura in ya danna sau goma batir yakan yi sanyi har ƙahon motar ba ya kuka, sai tsumulmularsa ta motsa, ya shiga raba gaisuwa kamar nama. Liman da dattawa, har ƙasa. Abokan ciniki, rabi. Surukai, gwargwadon yadda aka rabu jiya. Sauran jama'a kuma a ɗaga musu hannu ta bayan gilashi. Mutumin da ya yi abin nan don an raina gaisuwarsa, ga shi unguwa tana cewa Altine ya yi girman kai. Na faɗa masa, ya ce ai batir yake tarawa don Barmo.

Wata rana da bazara gilashin ya maƙale a sama, ana kiran azahar, shi kuma yana ciki, kujerar gefe cike da buhuna. Ya jiƙe sharkaf. Ya ƙwanƙwasa wa wani mai wucewa ya buɗe masa, ya fito yana gyara hula. Mutumin ya ce ko motar ce ta lalace? Ya ce ina, ai babban mutum ba ya buɗe wa kansa ƙofa.

Shekara biyu yana jiran Barmo, kuma babu wanda bai gaya wa abin da zai yi masa ba, har mai yankan farce. Amma ina za su haɗu? Alhaji yau yana Legas, gobe yana Makka. Ana nan sai sojoji suka ture sojoji, aka kafa kwamitin bincike, aka kwashe motocin Barmo da gidajensa, aka tsare shi wata da watanni. Da aka sako shi, waɗanda ke cin tuwo a zaurensa ko sannu. Baba Altine dai ya daina zancen.

Ina cikin motar ranar da suka haɗu, don ya ɗauko ni in duba masa fitila. Muna shan kwanar Ƙofar Marke sai ga mutum a bakin titi cikin rana, da wata riga da ta yi masa yawa, yana jiran tasi. Barmo ne. Ya gane motar, ya matso ya ɗaga hannu. Na dubi Baba Altine, wallahi babu ramuwa a fuskarsa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya taka birki, ya danna maɓallin don ya sauke gilashin har ƙasa.

Gilashi ya ƙi. Ya sake dannawa, ya danna da babban yatsa, ya buga da dunƙule. Barmo yana tsaye a waje, hannunsa a sama, yana kallonmu. Na ce wa Baba bari in zagaya in buɗe masa ƙofar ta waje. Sai ya damƙe mini hannu.

"In kas sabka za ya gane ta lalace."

"To ya gane mana, Baba."

Bai sake ni ba. Ya mai da ido kan titi, ya sa giya, muka wuce. Ta madubi na ga Barmo ya sauke hannunsa a hankali. Har yau ina jin haushin tsohon nan, kuma ina jin haushin kaina, don na fi shi ƙarfi, da na so da na fizge.

Na bi Alhaji har ɗakin da yake zaune a gidan ƙanensa, na rantse masa gilashi ne ya maƙale. Ya yi murmushi, ya ce shekara biyu gari yana kawo masa labarin abin da za a yi masa, an kuma yi, in gaya wa Altine saƙo ya iso. Na dawo na ce wa Baba ya je da ƙafarsa, magana ɗaya ce. Ya ce gobe. Goben nan muka yi ta ja har damina, aka wayi gari Barmo ya rasu.

Abin da ya lalace kuwa, 'yar waya ce ta zare daga bayan maɓalli. Da na buɗe a ranar da abin ya faru, ban gama tauna goron da ke bakina ba na mayar da ita. Baba Altine yana zaune a kan benci, bai ko dubi motar ba. Can ya ce, "Bulus, ka ga yadda Barmo yar rame?"

Allah ya jiƙan Baba Altine, ya jiƙan Barmo, ya yafe musu abin da ke tsakaninsu. Ni ma da na zauna ban sauka ba, Allah ya yafe mini.