Mai Rediyo da Idanunsa na Aro

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maigidana, wanda unguwa ta sani da Mai Rediyo. Shekara arba'in da shida muna tare, Tsoho, ban taɓa bari ka yi maganar ƙarshe ba. Yau ma ba zan fara ba.

Masu gaisuwa suna ta cewa an rasa mai gyara. Gaskiya ne, amma ni na san inda gyaran yake farawa: daga matattun rediyo da talabijin da mutane suka zubar. Ka kwance su, ka ciro koren allon nan da kuke kira fanel, ka ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan dalma har ta narke, sannan ka zare ɗan abu da hantsaki kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ba ka taɓa fizga ba. Cewa kake in ƙafarsa ta karye, ya tashi aiki.

Gwangwanaye da kwalabena kuwa, kaf ka kwashe. Na taɓa buɗe na gishiri na tarar da 'yan ƙarafa. Na ce, "Tsoho, da wannan zan yi miya?" Ka ce, "Zuba kaɗan, ko ta kama tasha."

Daga gwangwanayen nan ka tashi rediyon makauniyar bayan layinmu har sau huɗu. Ban taɓa jin ka ce wa mutum ya je ya sayi sabo ba.

Yanzu, 'ya'yana, ku gyara zama, zan tona asirin ubanku. Shekara uku da suka wuce idonsa ya fara hazo. Kuka ce in ya ƙara muni za ku rufe ɗakin aikin, ya huta. Ba ku san hutun nan shi ne zai kashe shi ba. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, razista suke ce musu, da zoben launi a jikinsu, da launin ake gane ƙarfin kowanne. Wata rana ya sa wanda bai dace ba, rediyo ya yi hayaƙi. Can ya miƙo mini ɗaya, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Wane launi kika gani?"

Na ce, "Ruwan ƙasa, baƙi, ja. Ashe dai aji ukun da na yi a makaranta ya yi rana."

Tun daga ranar na ja kujera. Kuna zuwa kuna cewa, "Mama da Baba soyayya ta dawo sabuwa." Ina soyayya! Launi nake karanta masa. Ido nawa, hannu nasa, kuma ko aiki ɗaya ba a dawo mana da shi ba.

Tsoho, ka tafi ka bar rediyon makauniya a buɗe, zuwansa na biyar. Jiya na kunna ƙarfenka. Na ƙone yatsa, na tabbata da kana nan da ka yi dariya har da tari. Amma na zare razistar da ake buƙata daga tsohon fanel da ƙafafunta biyu lafiya, na dasa ta inda ka yi alama. Rediyon ya yi magana.

Don haka kada wanda ya taɓa mini ɗakin nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da gani wanda ya fi na ƙuruciya. Ina yi wa ƙannenka, da 'ya'yanmu, da jikoki ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Gwangwanin gishirin kuma na yafe maka.